Littafin Huxley ya tayar min da hankali, shin yanzu ana iya tsara jariri?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gama karanta Brave New World na Aldous Huxley, inda ake ƙyanƙyashe jarirai a kwalba, a raba su aji-aji, wasu shugabanni wasu 'yan ƙwadago. Za mu tattauna shi da abokan karatu, kuma ina son in rarrabe abin da kimiyya ta kai gare shi da abin da marubuci ya ƙaga. Ta ina zan fara?

Wata malamar adabi: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Fara da shekarar da ya fito, 1932. Sai a 1953 aka gano siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, don haka babu gyaran ƙwayoyin gado a littafin. Ƙwai guda ake tilasta wa rabuwa har ya ba da 'ya'ya 96 masu kama ɗaya, a rage wa 'yan ƙaramin aji iskar oksijin, a zuba barasa a ruwan da ke ciyar da su, sannan a riƙa karanta musu darasi suna barci. Nakasa ɗan tayi ake yi da gangan, horo ya ƙarasa sauran.

Wani likita: Haka ne Malama. A yau gyaran da hukumomi suka yarje wa na ƙwayoyin jikin majiyyaci ne, wanda ba a gadonsa. Misali Casgevy, maganin sikila da Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka ta biyo a Disamba, ga masu shekara 12 zuwa sama. Ana ba da allurar da ke fito da ƙwayoyin da ke haifar da jini daga ɓargo, a tace su da na'ura, wani lokaci sai an maimaita kafin su isa. A ɗakin gwaji a yanke wani wuri a ƙwayar gado mai suna BCL11A da CRISPR, fasahar da ke yanka DNA kamar almakashi, sai jiki ya koma yin irin haemoglobin (sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini) ɗin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini. Wannan yakan ɗauki watanni. Wahalar tana gaba: sai an kashe tsohon ɓargo da wani magani mai ƙarfi, busulfan, na kwana huɗu, a mayar da ƙwayoyin, majiyyaci ya yi wata guda ko fiye a asibiti garkuwar jikinsa a ƙasa. Busulfan na iya hana haihuwa, shi ya sa ake ba da shawarar adana ƙwai ko maniyyi tukuna. Kuma ko ya samu lafiya, 'ya'yansa za su gaji ƙwayar sikila. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2.

Mai tambaya: Likita, to gyara tun yana ɗan tayi fa?

Wani mai binciken ƙwayoyin gado: An yi, kuma bai yi kyau ba. A 2018 He Jiankui na ƙasar Sin ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya taɓa musu ƙwayar gado mai suna CCR5, wai don kada HIV ya kama su. Kotu ta ɗaure shi shekara 3. Matsalar ita ce CRISPR yanka kawai yake yi, ƙwayar ce ke ɗinke kanta, kuma ba ta ɗinkewa yadda aka so kullum. Yakan yanki wurin da ba a nufa ba. In kuma ƙwai ya fara rabuwa kafin aikin ya kammala, sai a sami yaro mai ƙwayoyi gauraye, wasu gyararru wasu a'a, gwajin 'yan ƙwayoyi kaɗan ba zai nuna haka ba. Kuskuren kuma jikoki na iya gadonsa.

Batun tsara tsawo ko basira kuwa, da sauran rina a kaba. Sikila harafi ɗaya ne ya sauya a DNA. Tsawon mutum, wani bincike na 2022 ya danganta shi da wurare kusan 12,000, ban da abinci da lafiyar ƙuruciya.

Likitan ya ƙara: Abin da ya fi kusa da tsoronki zaɓen ɗan tayi ne. A dashen kwalba, inda ake haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, ana cire ƙwayoyi kamar 5 zuwa 10 daga ɗan tayi mai kwana biyar ko shida, a gwada, a dasa wanda ba shi da cutar. Ki kai wa abokan karatunki wannan: a littafin hukuma ce ke zaɓa, a asibiti iyaye ne, kuma sai masu hali.