Fili, gidan haya ko shago: wanne zan kama?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. An raba mana gado, na haɗa da ɗan abin da na tara na adashe. Ina so in sa kuɗin a ƙasa a nan Kano, amma kaina ya kulle. Wani ya ce fili, wani ya ce ɗakunan ɗalibai a Danbare, kusa da Jami'ar Bayero (BUK), wani kuma shago. Aikin asibiti nake yi, ba ni da lokacin zirga-zirga.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan magabata. Tambaya ɗaya tukuna: kuɗin cefane kike so ya riƙa shigowa, ko ajiya za ki yi ki manta?

Maman Khalifa: Amin, na gode. Albashina yana riƙe ni. Karatun yara nake hange, nan da shekara 7 ko 8.

Ɗan Kwari: To fili ne naki. Ba ya cin siminti, ba ya kiranki cikin dare wai masai ta cika. Ki duba inda gari yake miƙewa, hanyar Gwarzo ko ta Zariya, ki zagaye shi ko da bulo layi uku ne, ki riƙa leƙawa.

Injiniya: Na yarda, amma da sharaɗi: awon gwamnati, ba awon igiya ba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, takardar mallakar ma ta shekara 99 ce. Takardar mai unguwa shaida ce an yi ciniki, ba ta hana a fitar da titi ta tsakiyar filinki. Ki ɗauki lambar fulotin ki kai KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, a bincika kafin ko sisi ya fita. Kuma in gonar gado aka yanka, sai duk magada sun sa hannu. Ni haka na yi asara: na saya wajen babban wa, bayan shekara 2 ƙannensa mata suka kai ƙara kotu. Har yau ana ɗage zama, dillalin kuwa ya ci la'adarsa ya kashe waya.

Baba Alhaji: Ni dai ba na raina ɗakunan ɗalibai. Kusa da sabuwar BUK ɗaki ba ya kwana babu mai nema, kuma kuɗin shekara ake ba ka a dunƙule. Sai dai a 2022 da malaman jami'a suka yi yajin aikin wata 8, na ji a jikina. Ga ruwa, ga gyaran ƙofofi duk ƙarshen zango. 'Yata, mai kwana a asibiti ba za ta iya wannan ba sai da amintaccen wakili.

Maman Khalifa: Shagon fa, Baba?

Baba Alhaji: Shago a kasuwa ya fi ƙarfin kuɗin adashe. Kuma kin ga rusau ɗin shaguna da gwamnati ta yi a 2023 a filin Idi.

Injiniya: Kada ki raba kuɗin gida biyu, rabi fili rabi harsashi. Kango kawai za ki tashi da shi.

Maman Khalifa: Allah Ya saka da alheri. Fili zan nema. Injiniya, binciken na KANGIS, ni zan je da kaina ko sai da lauya?

Injiniya: Ki je da lauya, kuɗinsa bai kai na shari'a ba. Kuma ranar biya ta banki za ki tura, da shaidu biyu.