Wai Jonathan ne mai ƙyama? Yadda ta kaya a zauren garinmu

Kawu Mai Lema: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau kam ba zan haɗiye ba. Jiya da daddare a teburin mai shayi, ɗan ƙanwata da ke jami'a a Dutse ya buɗe waya yana karanto mana wai har gobe Turawa na lissafa Goodluck Jonathan cikin shugabannin Afirka masu ƙyamar 'yan luwaɗi. Na ce to madalla, kun ji da kunnenku. Shi ne ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014: shekara 14 a gidan yari ga waɗanda suka yi auren, shekara 10 ga mai kafa musu ƙungiya. Sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry ya fito ya soki dokar. A shekarar nan Amurka ta hana a sayar mana da jiragen yaƙi masu saukar ungulu muna tsaka da bala'in Boko Haram, ana gab da zaɓe kuma Obama ya aiko wa 'yan Najeriya saƙon bidiyo. Ku kuma kuka taya su kayar da shi. Ina faɗin haka aka kwashe da dariya, har wani mara kunya ya ce in cire hular lema in sha shayina. Ina nan kan bakana: dokar nan ce ta ci kujerar Jonathan, kuma Arewa ba ta yi masa halacci ba. Mai ja ya fito.

Ticha: Kawu barka da hantsi. Kafin a kai ga zaɓe, kalmar nan ta ƙyama ce ta tsaya min a wuya. Abin da Bature ke cewa homofobiya ne, kuma wutsiyar kalmar, fobiya, tsoro take nufi, irin na mai tsoron kogi ko tsoron hawa bene. Masu fassara a gidajen rediyo ne suka mayar da ita ƙyama. To shi Jonathan tsoro ya ji ko ƙyama ya yi?

Sai Baba: Tsoro mana, Ticha! Tsoron akwatin zaɓe. Saura shekara guda a kaɗa ƙuri'a, ya ga malamai da fastoci sun haɗe kai, ina zai ƙi sa hannu?

Kawu Mai Lema: Kai taubashina, tsintsiya ta riga ta share maka tunani. Ba da kai nake ba.

Malam Na'ibi: Wa alaikumus salam. Ticha, a bar batun tsoro, Musulmi ba tsoron abin yake ba, haramci ya sani. Amma ƙyama kala biyu ce. Akwai ƙyamar aiki, wannan addini ya zo da ita, kuma labarin mutanen Annabi Luɗu, alaihis salam, ba ɓoyayye ba ne. Akwai kuma ƙyamar mutum har ka hana shi ruwan sha ko ka ƙi yi masa fatan shiriya, wannan ba koyarwarmu ba ce. Su masu zargin sun cakuɗa biyun wuri guda.

Ɗalibin Dutse: Allah gafarta Malam, Kawu ina neman afuwa, ni karantowa kawai na yi. Amma Ticha, ba a auna kalma da wutsiyarta. Yadda suke amfani da ita yanzu ta haɗa ƙi da tsangwama da nuna wariya, har da yin doka a kan mutane. Masu sukar suna cewa dokar ba a aure kaɗai ta tsaya ba, ta shafi taro da ƙungiya, kuma ta ba wa masu ƙwace da masu neman cin hanci makami: a yi wa mutum barazanar tona masa asiri a karɓe masa kuɗi. Kuma ba Jonathan kaɗai aka jefa da kalmar ba. A Yunin 2013 a Dakar, gaban Obama, Macky Sall ya ce Senegal ba ta shirya soke dokarta ba, amma hakan ba ya nufin su masu ƙyama ne. Har ya tuna masa cewa su sun soke hukuncin kisa.

Ticha: Ka ga ni, ashe shi ma Macky Sall bai karɓi kalmar ba. Kawu ne kaɗai ya ɗauke ta ya rataya wa gwaninsa kamar lambar yabo.

Ɗalibin Dutse: Da Faransanci ya yi magana fa, Ticha, bai ce ƙyama ba.

Ticha: Yaro, ni na koya maka baƙi da wasali a aji ɗaya. Kar ka kawo min iyayi.

Mai Shayi: Ni abin da na sani da ƙyama shi ne ƙuda ya faɗa kofi mutum ya ture ya ce a sake masa wani. Kuma tunda an ambaci teburina, wanda ya ce a cire hula ba ni ba ne. Ni dai akwai masu littafi a wurina tun kafin azumi, sun san kansu.

Jar Hula: Ina biye da ku daga Kano. Kawu, da girmanka, amma dokar nan ba Jonathan ya haife ta ba. Gwamnatin Obasanjo ce ta fara kai ƙudiri irin wannan majalisa a 2006, bai wuce ba. Majalisar Dattawa ƙarƙashin David Mark ta amince da shi a Nuwamban 2011, makonni kaɗan bayan David Cameron na Birtaniya ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta abin. Majalisar Wakilai ta bi baya a Mayun 2013, lokacin Aminu Waziri Tambuwal ne kakaki. Shi Jonathan biro kawai ya ɗora. In lada ake rabawa, a fara da majalisa.

Kawu Mai Lema: Biro kawai? To a Ghana majalisa ba ta amince da nata ba a Fabrairun 2024? Akufo-Addo ya sa hannu? Har ya sauka bai sa ba. Biron nan shi ne aikin, ɗana. Ka dubi Museveni da ya sa a Mayun 2023, Bankin Duniya ya dakatar da ba Uganda sabon rance a watan Agusta. Ruwa ba ya tsami banza.

Jar Hula: To Museveni ya faɗi zaɓe ne saboda haka? Tun 1986 yake kan kujera.

Sai Baba: Ku ƙyale Kawu. Mu da muka yi layi a rana ranar 28 ga Maris 2015, wallahi ko mutum ɗaya ban ji ya ambaci Obama ba. Abin da ke bakin mutane 'yan matan Chibok ne su 276, da harin babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014, da fetur da aka tashi da shi daga naira 65 zuwa 141 ranar sabuwar shekarar 2012. Kano kaɗai ta ba Baba ƙuri'a miliyan 1.9. Obama ne ya dangwala su? Kuma mu nan me dokar ta ƙara mana? Tun shekarar 2000 muke da shari'ar Musulunci a Jigawa da Kano, kafin ita ma Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, ta haramta abin tun zamanin Sardauna.

Kawu Mai Lema: Au, kai ne yau ke zancen fetur? Bakinka bai yi nauyi ba? Naira 141 kuka yi wa zanga-zanga, a zamaninku lita ta haura 1,000. Jiya galan guda na saya wa injin ban ruwa, sai da na sayar da kaji biyu. Laifi tudu ne.

Sai Baba: Wannan wata magana ce daban.

Kawu Mai Lema: Ba daban ba ce. Kuma wa ya sa hannu a yarjejeniyar Samoa a Yunin 2024? Lema ce ko tsintsiya? Har huɗuba aka yi a kai a masallatai.

Ɗalibin Dutse: Kawu, wannan kam na bi ta. Yarjejeniya ce tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. Ministan kasafi Atiku Bagudu ya musanta cewa akwai batun auren jinsi a ciki, kuma jaridar da ta fara buga labarin ta nemi afuwa daga baya.

Kawu Mai Lema: Kai da wa kake ne wai? Kuɗin rajistarka na bana wa ya cika?

Ticha: Har yanzu dai ba wanda ya amsa min: tsoro ne ko ƙyama? In ƙyama ce, ai Bahaushe ba ya cin abincin wanda yake ƙyama. To a gaya min tuwon wa ake layi a kai a tashoshinmu tun muna yara?

Direban Maigatari: Ticha ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Shekara da shekaru ina jigilar dabbobi ranar Alhamis, kuma akwai wani ɗan daudu a wata tasha da ke hanyarmu, ba zan faɗi garin ba. Tuwon shinkafa da miyar taushe yake yi, zani ɗaure a ƙugu, ludayi a hannu, yana zuba wa yaran mota bashi ba ya ko rubutawa. Wata rana cikin sanyi gindin motata ya karye da tsakar dare, na kwana a tashar da shanun mutane. Shi ya hura wuta ya ɗumama min ragowar tuwo, ya ara min bargo, da safe na miƙa kuɗi ya ce in bari sai na samu. Bayan an yi ta zancen dokar nan a rediyo, wani da suka yi rigima kan rumfa ya fara yaɗa cewa an gan shi da wani yaro. Babu wanda ya ce ni na gani, kowa an ce ne. Zuwa sati na gaba na tarar da rumfar a ƙasa, tukwane a fashe, murhun duwatsu uku kawai ya rage. Waɗanda suka yi jifan, rabinsu da tuwonsa a cikinsu. Har yau ban san inda ya nufa ba, kuma kuɗin tuwon nan na wuyana. Ni ban iya fassara ba, amma in ana neman ma'anar kalmar da kuke ta ja a kai, na ga wani abu mai kama da ita a ranar.

Malam Na'ibi: Inna lillahi. Daudanci kansa abin hani ne, namiji ba ya kwaikwayon mace, amma daudu daban, abin da aka zarge shi da shi daban, kuma zargi ba hujja ba ne. Suratun Nur aya ta 4 bulala 80 ta yanka wa wanda ya yi ƙazafin zina bai kawo shaidu huɗu ba. Hukunci na alƙali ne, ba na 'yan tasha ba. Wanda ya rushe rumfar nan sai ya biya, nan ko gobe kiyama.

Sai Baba: Direba, wannan tausayi naka ya yi yawa fa. Har da bargo? Hmm.

Direban Maigatari: Me kake nufi da hmm? Fito fili ka faɗa in kai namiji ne. 'Ya'yana bakwai, kuma ƙanwar matarka ce uwar huɗu daga ciki.

Sai Baba: Wasa nake.

Direban Maigatari: Da irin wasan nan aka rushe rumfar.

Gwaggo Ungozoma: Kai, ku ji min yara. Rabinku a hannuna kuka faɗo duniya, ina jin kukanku na farko. Kai mai tsintsiya, Malam bai rufe baki kan ƙazafi ba ka ɗauko naka. Ka ba shi haƙuri yanzu. Kai kuma Mai Lema, da furfurarka kake gori kan kuɗin makarantar ɗan ƙanwarka a gaban jama'a? Kuna can kuna rabon Jonathan da Obama, famfon asibiti wata biyu ke nan ba ya kawo ruwa, da jarka muke karɓar haihuwa.

Sai Baba: Tuba nake Gwaggo. Direba ka yi haƙuri. Amma batun famfo aikin ƙaramar hukuma ne, ba na jam'iyya ba.

Jar Hula: Da a Kano ne da tuni an gyara.

Kawu Mai Lema: Zamanin Sule Lamido famfon nan bai taɓa tsayawa ba.

Mai Shayi: Zamanin Lamido ba a ma haƙa shi ba, Kawu.

Shugaban Zaure: To jama'a, an kira la'asar, bari in tattara kafin in rufe. An fahimci cewa Jonathan ba shi ya kawo dokar ba, majalisa ce, don haka babu wani halacci da Arewa ta gaza yi masa. An kuma tabbatar cewa rashin tsaro ne ya kayar da shi a 2015, kamar yadda ɗan'uwa Sai Baba ya kawo hujjoji masu ƙarfi da alƙaluma. Zancen Samoa ya tabbata ƙarya ce ta 'yan adawa. Batun kalma, Malam ya raba gardama. Maganar fetur da famfo ba su cikin maudu'i, kuma ina jan kunnen masu sako siyasa a zaure. Direba a riƙa taƙaita labari.

Ticha: Ranka ya daɗe, Malam bai raba komai ba, ƙyamar ya kasa gida biyu. Tambayata tana nan.

Kawu Mai Lema: Wannan taƙaitawa ce ko sanarwar ofishin jam'iyya? Ina maganar jiragen da aka hana mu? Ina Ghana? Ni na fita daga zauren nan, kar wanda ya sake saka ni.

Mai Shayi: Kawu kafin ka fita, naka shayi tara ne da burodi huɗu, ban da ƙwai biyu na jiya.