Bangon faifan da babu sunan mawaƙi a kansa: gwaninta ce ko ganganci?

Mai Zane: Assalamu alaikum. Wani mawaƙi mai cin gashin kansa ya ba ni aikin zana bangon kundin waƙoƙinsa, kuma ya kafe cewa kada a sa hotonsa ko sunansa, yana kafa hujja da faifan ƙungiyar mawaƙan Ingila Joy Division na 1979, Unknown Pleasures, wanda babu hoto ko sunan mawaƙan a gaban bangonsa. Ina neman masana su fahimtar da ni abin da ya sa wancan bango ya karɓu, da kuma ko dabarar za ta yi tasiri a yau.

Tsohon Mai Faifai: Wa alaikumus salam, ɗana. Peter Saville ne ya tsara bangon wa kamfanin Factory Records na birnin Mancesta a Ingila. Fararen layukan da ke kan bangon, masu kama da jerin tsaunuka, an ɗauko su ne daga wani kundin ilimin taurari na Kambirij, kuma suna nuna siginar rediyon da ke fitowa daga tauraron da aka laƙaba wa CP 1919. A asali baƙi ne a kan fari, sai Saville ya juya shi, ya ƙanƙanta hoton a tsakiyar baƙin fili, aka buga a kan kwali mai kaushi wanda yatsa ke jin sa. Abin lura shi ne an yi bangon ne domin mutumin da ke tsaye a kanti yana bincika faifai ɗaya bayan ɗaya, wanda rashin rubutun zai sa ya zaro shi ya juya bayansa.

Ma'aikaciyar Maɗaba'a: Baba ya yi bayani, amma ina so a dubi ɓangaren kuɗi, domin nan ne ƙananan kamfanoni ke shan wuya. Faifan Blue Monday na ƙungiyar mawaƙa New Order, wanda Factory ta fitar a 1983, an yanka kwalinsa ne da ramuka don ya yi kama da faifan kwamfuta na wancan zamani, kuma mutanen kamfanin sun sha faɗin cewa tsadar yankan ta sa suna faɗuwa a kan kowane kwafi, har aka daina yankan a wasu bugu na baya. Malam Mai Zane, ka nemi farashin bugu kafin ka nuna wa mawaƙin zanen da zai kwanta masa a rai.

Ɗan Fagge: Ni ban goyi bayan kwaikwayon Saville ba. Lemi Ghariokwu ya zana wa Fela Kuti bangon faifai 26, yawancinsu cike maƙil da mutane da sojoji da rubuce-rubuce, ta yadda mai saye zai san saƙon waƙar tun kafin allura ta taɓa faifan, kuma babu wanda ya ce masa ya cika surutu. Sannan yawancin masu sauraron mawaƙinka a waya za su gamu da bangon, a Audiomack ko YouTube, inda hoton bai wuce faɗin babban yatsa ba, babu kwalin da za a shafa, babu bayan da za a juya. Siraran layuka irin na Saville cakuɗewa suke yi a wannan girma. Shawarata ita ce ka amince masa a kan cire fuska, amma ka riƙe sunan da manyan baƙaƙe, sannan ka tura zanen zuwa ƙaramar waya ka duba shi a tsakar rana kafin ka miƙa aikin.