Dole sai mutum ya ƙona rayuwarsa kafin ya zama gwani?

mai_fensir:
Salam jama'a, dan Allah wani abu ne ya tsaya min a rai. Jiya na karanta labarin Van Gogh mai zanen nan ɗan Holan, shekara goma kacal ya yi yana zane amma ya bar zanen fenti sama da 800, ga talauci ga taɓin hankali har ya yanke kunnensa a 1888, ya mutu a 1890 yana ɗan shekara 37. Yau layi ake a Amsterdam don ganin aikinsa, shi ko bai ci moriyar komai ba. Ni ma ina ɗan taɓa zane in na tashi aiki, sai nake jin kamar wasa nake tunda ban rasa komai a kai ba. Ya kuke gani?

yaya_babba:
Ƙanina ka manta da Theo. Ƙanin Van Gogh ɗin ne, shi ke turo masa kuɗin fenti da na haya, wata shida da rasuwar wan shi ma ya bi shi, aka bar matarsa Johanna da jariri da tulin zanen da ba mai so, ita ta yi ta fama da baje kolinsu da buga wasiƙunsa har duniya ta san shi. Shi ko Gauguin, wani mai zane ɗan Faransa, mata da 'ya'ya biyar ya bari a Denmak ya wuce tsibirin Tahiti a 1891. Ana ta yabon kalolinsa, yaran fa wa ya tambaye su?

uwar_biyu:
Ni wlh ban yarda wahala ke kawo baiwa ba, mu ne dai muke son labari mai ban tausayi. Bach, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, 'ya'ya 20 ya haifa, aikin albashi yake a Leipzig daga 1723 har ya mutu a 1750, yana koyar da yara waƙa yana rigima da hukumar gari, kuma har gobe ana jin kiɗansa.

ɗan_dare:
Haka ne Hajiya amma lokaci fa ba ya rabuwa biyu. Kafka, wani marubuci ɗan birnin Prague, da rana ofishin inshora da dare rubutu, sau uku ana sa masa rana yana fasawa, ƙarshe ma cewa ya yi abokinsa ya ƙona rubutun. Wani abu sai ya ji jiki.

mai_fensir:
Yaya wlh maganar Theo ta taɓa ni. Ashe matata ce ke riƙe yara duk daren da na rufe ƙofa ina zane, ban taɓa lissafa ta ba.