Neman kalma: me za mu kira rilen da ke jira sai ya yi zafi?

Malamin lantarki, Ƙofar Kaura: Jama'a, assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 8 zan raba wa yarana takardar darasi da Hausa, kalma ɗaya ta gagare ni. An kawo mana tsohuwar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai bawul, wato kwalaben nan irin na tsofaffin rediyo, a cikinta akwai 'yar kwalba an rubuta mata Amperite 6NO30. Ba bawul ba ce, rile ne, wato na'urar da ke haɗa wuta ko yanke ta da kanta. In an kunna, ba ya sakin babbar wuta sai bayan daƙiƙa 30. Wane suna zan ba shi?

Tsohon mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam, Malam. Na fasa irinsa da hannuna. Ƙarfe iri biyu ne aka manne kamar falle ɗaya, da 'yar waya mai ɗumama shi da wutar bolt 6.3, irin wadda bawul ke ci. Ɗaya ƙarfen ya fi ɗaya miƙewa in ya ji zafi, sai fallen ya lanƙwashe a hankali har bakinsa ya taɓa ɗan'uwansa. Dabarar da ke cikin dutsen guga ce, da trafiketar tsofaffin motoci. Amfaninsa kuwa, bawul ba ya son a dankara masa ɗaruruwan bolt yana sanyi. Musamman mai zaiba, irin 866A: in zaibar ba ta zama tururi ba, wuta ta yi tsalle a ciki, ka yi asarar kwalba. Mu dai rile muke cewa.

Malamar Hausa: Baba, rile ai ba suna ba ne, aro ne. Ga nawa: jinkirtau. Kamar mantau, kamar makarau. Gajere, Bahaushe, yaro zai riƙe.

Malamin lantarki: Malama, yana da daɗin faɗi. Sai dai mantau da makarau duk gori ne. Shi wannan ba makara yake yi ba, aikinsa ke nan.

Malamar Hausa: Ma'ana tana faɗaɗa. A fara amfani da shi, gorin zai goge.

Wani daga Daura: Ku ce dogari ku huta. Ya tsare ka a zaure, ba ka shiga sai an shirya.

Malamar Hausa: Yaro ya karanta "dogari ya ƙone" a jarrabawa, me zai fahimta?

Wani daga Daura: Ya fi jinkirtau, wanda sai ka rantse sunan maganin gargajiya ne. Kuma in ana maganar Hausa, a bari mutanen Kusugu su fara magana.

Ɗalibi daga Kano: Kawu, a yi haƙuri, amma daidaitacciyar Hausa ai tamu aka bi. Ni "makunnin jinkiri" na fi so.

Wani daga Daura: Ɗana, da aka kashe macijiya ina Kano take?

Malamar Hausa: Abin takaici shi ne da Bature ya ƙirƙiro kalma sai mu haɗiye, in ɗan gida ya ƙirƙiro sai dariya. Jinkirtau dai.

Malamin lantarki: Don Allah, ƙarfe 11 ta wuce, ko bugawa ban yi ba.

Tsohon mai gyaran rediyo: Ku saurara, 'yata. Akwai abin da sunanki ya ɓoye. In aka ɗauke wuta aka maido nan take, fallen nan bai huce ba, don haka ba zai jira daƙiƙa 30 ba, da wuri zai haɗe. Ni ya taɓa yi mini haka da injin wani, na biya kwalba daga aljihuna. Shi ya sa ake ƙara rile na biyu, wanda ke riƙe wutar ya yanke ta wayar ɗumamawa, fallen ya samu ya huce. Abin nan ba agogo gare shi ba, zafi kawai ya sani. Duk sunan da babu zafi a ciki zai sa yaro ya ɗauka lissafin lokaci yake yi.

Ɗalibi daga Kano: To nawa ma ya faɗi ke nan. Irin wannan rile na zamani, masu tiransisto, su ma jinkiri suke yi, ba tare da jiran zafi ba.

Malamin lantarki: Na gode, Baba. Na rubuta "rilen jiran zafi".

Malamar Hausa: Da rile a gaba? To. Ko "makunnin jiran zafi" ai da ya fi mutunci.

Malamin lantarki: Makunni yarana sun san shi a bango, wanda ake dannawa da yatsa. Zan faɗa musu jinkirtau da baki, in ya kama bakinsu shi ke nan.

Malamar Hausa: Zai kama. Shi kuma bawul ɗin da kuke ta faɗi tun ɗazu, na tayar keke ne ko na wa?

Malamin lantarki: Sai da safe, Malama.