Neman shawara: hita tana shanye mana kati, ruwan kuma ba zafi da asuba

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. A Jos muke, kun dai san sanyin Disamba a nan. Hitarmu mai lita 50 ce, tana cikin silin, banɗakin yara kuma yana can ƙuryar gida. Da dare nake kunna ta in an kawo wuta, amma da asuba sai na tari ruwan sanyi kusan rabin bokiti kafin mai ɗumi ya iso, shi ma ba wani zafin kirki ba. Ga katin mita yana tafiya kamar ana zuƙa. Maigidan ya ce a lulluɓe tankin da tsohon bargo, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Don Allah a ba ni shawara.

Mai Gyaran Famfo: Wa alaikumus salam Hajiya. Bargo kam a bar shi. Ɓeraye za su mayar da shi ɗakin haihuwa, in ya jiƙe ya tsatsar da ƙarfen, ga wayar wuta a kusa. Ki sa a hau a ɗora hannu a jikin tankin bayan ruwan ya yi zafi. In an ji shi da sanyi, to lafiyarsa lau, don yawancin na zamani da soso a tsakanin ƙarfen ciki da na waje suke zuwa. Ɓarawon naki bututu ne. A je wajen masu haɗa na'urar sanyaya ɗaki a sayi baƙar robar nan mai laushi da suke zura wa bututunsu, daidai da kaurin naku. A tsaga ta a tsaye, a rungume bututun tun daga bakin tanki, a bi da salatif. Kada a bar gwiwa ko mahaɗa a buɗe, nan ne zafi ya fi tsiyayewa. Bututun da ke kawo ruwan sanyi ma a rufe masa kamar mita ɗaya daga tankin, zafi yana bin sa.

Injiniya: Gaskiya ya faɗa, sai dai kada ki sa rai da yawa. Ruwan da ya kwana a bututu zai huce ko da an rufe shi, wannan rabin bokitin ba zai ɓace gaba ɗaya ba. Amfanin robar shi ne ruwan ya iso da zafinsa, kuma in an wanke Hassan, Husaini ba zai jira ruwan zafi ya sake isowa ba. Ɗaga lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit biyu da ɗan wani abu. In kuna ganin abin ya wuce haka sosai, a duba maɓallin daidaita zafi. A bar shi a 60: ƙasa da haka ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a tankin, sama da haka asara ce da ƙuna. Kuma ko me za a naɗa, ban da murfin wayoyi da bawul ɗin da ke fitar da ruwa in matsi ya yi yawa.

Anti Gwaggo: Ruwan farkon nan kada ki zubar, 'yata, tara shi ki yi wanki. Mu da murhu da tukunya muka raini namu a Bukuru, ba wanda ya daskare.

Baban Gida: In wani ɓangaren bututun ya bi ta waje, a rufe robar da tef mai ƙyalli. Tawa rana ta cinye ta, har tana marmashewa a hannu.

Maman 'Yan Biyu: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ƙanin maigidan ya hau ɗazu, ya ce tankin da sanyinsa, bututun ne ba ya taɓuwa. Bargon ya koma gadon yara.