Tudun Hasenbühl: inda gaggawa ta kashe Sarki Adolf na Nassau

Mai Sirdi:
Jama'a, waɗanda suka taka filin yaƙin Göllheim da waɗanda suka san hawa da sulke, ku ba mu haske kan abin da ya kayar da Adolf. Ranar 2 ga Yuli 1298 aka kara a tudun Hasenbühl kusa da garin Göllheim a Jamus, tsakanin Adolf na gidan Nassau da Albrecht na gidan Habsburg, kan sarautar Jamus, kwana tara bayan manyan ƙasar masu zaɓen sarki sun tuɓe Adolf a birnin Mainz.

Baƙon Worms:
Malam, Göllheim na yamma da birnin Worms. A hoto tudun kamar ba komai ba, amma hawan doguwa ce, a hankali take cin ƙarfi. Albrecht ya riga ya kama saman. Adolf kuwa bai jira dakarunsa na ƙasa ba, ya afka da barade zalla.

Tsohon Barde:
To, nan ɓarnar take, ɗana. Rigar sulke kaɗai takan kai kilo 10 zuwa 15, ƙarƙashinta ga riga mai shaƙe irin lifidi, ga kwalkwali mai rufe fuska da 'yar tsaga ta ido. Cikin zafi numfashinka ke dawo maka, gumi ya cika ido. Doki kuma in ka sake masa linzami tun daga gindin tudu, kafin ya kai sama ya huce, sahu ya wargaje, masu ƙarfi a gaba, raunana a baya. Ka'ida ita ce a tafi da taku, gwiwa da gwiwa, sai an matso a yi sukuwa. Mashi ba ya huda sulke sai da gudun doki a bayansa, kuma na sama ke da wannan gudun kyauta. A duba majayi ma: hawa kan ja sirdi baya in babu abin ƙirji.

'Yar Speyer:
Baba ya gama magana. Mai zuwa ziyara ya fara da giciyen dutse da ke cikin garin Göllheim, alamar inda Adolf ya faɗi. Yanzu an gina wa giciyen ɗaki. Daga nan sai kufan gidan ibadar Rosenthal, inda aka fara binne shi. A 1309 aka mai da gawarsa zuwa babban cocin birnin Speyer, aka kwantar da ita kusa da ta Albrecht, wanda ɗan ɗan'uwansa ya kashe a 1308. Kaburburan na ƙasan cocin, a duba lokacin buɗewa kafin a taso.